Hannun Daman Kaka

Akwai wata yarinya a Jikwoyi, kusa da Abuja, 'yar aji shida a firamare. Ta iya gaisuwa, ta iya cewa "to" in an aike ta. Matsalarta ɗaya ce. Fuskarta ba ta bin bakinta. Baki zai ce "to", amma in ka dubi fuskar sai ka yi nadamar aiken.

Abbanta yana aiki a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya a cikin gari. Da asuba yake fita don ya riga cunkoson motocin Nyanya, kuma ba ya dawowa sai bayan magariba. Yana kiranta Mamana, domin sunan mahaifiyarsa marigayiya aka sa mata. Tana da ƙane, Hanif, ɗan shekara biyar. Ba abin da Hanif ya iya kamar kwaikwayon mutane.

Kakanta na wajen uba shi ne Malam Manniru. Ya yi shekaru yana sayar da lemo da kankana a kasuwar Zuba. Mutum ne mai ƙatuwar murya. In yana ciniki a wannan layi, 'yan wancan layin suna jin sa.

Wata rana yana tsaye ana sauke masa kaya daga mota, sai ya yanke jiki ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Maganarsa ta ɗauke gaba ɗaya. Bayan ya yi jinya a asibiti, Abba ya kawo shi gida, aka gyara masa ɗakin baƙi.

Likita ya ce dole Kaka ya riƙa cin abinci sosai, in ana so ƙarfinsa ya dawo. Abba kan ba shi koko a baki kafin ya fita, ya ba shi tuwo in ya dawo. Kaka kan karɓi kaɗan, sai ya rufe baki. Saura abincin rana.

Umma ce ke dafawa, amma ba za ta iya ba shi ba. Surukinta ne. Tunda ta auri Abba, Kaka bai taɓa tauna ko goro a gabanta ba. Ranar da ta gwada shiga da kwano, mayafi ya ja ya rufe fuskarsa. Don haka Umma ta kira yarinyar.

"Ke jikarsa ce, babu kunya tsakaninku," in ji Umma. "In kin dawo daga makaranta ki kai masa. Ki sa masa cokali a hannun hagu, tunda shi ne mai lafiya. Ki tsaya har ya gama."

"To, Umma," in ji yarinyar.

A lokacin wayar hannu ta fara shiga gidaje. Abba ya saya wa Umma guda. A cikinta akwai wasan wani maciji mai cin ƙwallo yana ƙara tsawo. Yarinyar tana son wasan nan kamar me. Tun daga aji take ƙagara ta dawo gida ta ɗauki wayar.

Saboda haka kullum haka take shiga ɗakin Kaka: waya a hannun dama, kwano a hannun hagu. Ba ta durƙusawa. Ba ta zama. Sai ta tsaya a kansa ta miƙa kwanon, idonta a kan maciji.

"Kaka, sannu da jiki. Ga abinci."

Maganar ba ta da laifi. Ko malamin tarbiyya ba zai gyara mata ko kalma ɗaya ba.

Sai ta cusa masa cokali a hannun hagu. Kaka ya dubi cokalin. Ya dubi hannunsa na dama da ke kwance a kan cinyarsa. Ya ɗago ya dube ta. Ita kuwa ba ta gani ba, maciji ya kusa cin karo da bango. Sai Kaka ya saki cokalin ya faɗi.

"Kaka, ka ci mana," ta ce, tana duban agogon bango.

Wani lokaci yawu kan zubo masa ta gefen baki, don leɓensa na dama ba ya rufuwa. In ta gani sai ta yatsine fuska, ta ja baya. Wata rana ta miƙa masa kofi, hannunsa ya yi rawa, ruwa ya zube mata a rigar makaranta. Ba ta ce komai ba. Tsaki kawai ta yi, ɗan ƙarami.

Kaka ya ji. Ya juya fuskarsa wajen bango a hankali. Daga ranar, da ya ji takunta sai ya rufe ido.

Yarinyar ba ta damu ba. A ganinta, wanda ba ya magana ba ya gane komai. Takan fito da kwanon yadda ta shiga da shi ta ce, "Umma, ya ƙi ci."

Akwai wata ma'aikaciyar asibiti, Madam Christiana, da ke zuwa gida tana motsa wa Kaka hannu da ƙafa. Ran Asabar ta zo, ta ɗaga hannunsa ta sauke, ta duba idonsa. Sai ta kira Abba bakin ƙofa.

"Oga, Baba ya rame da yawa," ta ce da irin Hausarta ta Abuja. "Ƙarfi babu. In ciki ba abinci, aiki na ba zai yi ba. Litinin na sama za ku koma asibiti, ko? In likita ya gan shi haka, zai kwantar da shi. Za a sa masa roba a hanci, a ba shi abinci ta nan."

Ta yi maganar ƙasa-ƙasa, amma ɗakin ƙarami ne. Kaka ya ji. Ya ga masu robar nan lokacin da yake kwance a asibiti. Hawaye ya gangaro masa har cikin kunne.

Bayan Madam ta tafi, aka zauna cin abinci a falo. Abba ya kasa ci. Ya dubi 'yarsa.

"Mamana, da rana ma ba ya ci ko kaɗan?"

"Ba ya ci, Abba. Ina kai masa, ina yi masa sannu. Shi ne yake juya kai."

Sai Hanif ya miƙe da murna. "Abba, na iya yadda Yaya take yi."

Kafin a hana shi, ya ɗauki kwano da hagu. Ya ɗauki murfin kofi da dama, ya mai da shi waya. Ya tsaya a gaban kujera kamar Kaka ne a kai, ya miƙa kwanon, idonsa a kan murfin. Ya ƙanƙance murya ya ce, "Kaka, sannu da jiki. Ga abinci." Ya dubi agogo. Ya yatsine fuska, ya ja baya. Sannan ya yi tsaki.

Ya tsaya yana jiran a yi dariya, kamar yadda aka saba. Ba wanda ya yi dariya.

Yarinyar ta zuba wa Hanif ido. Ba ta taɓa ganin kanta daga waje ba. Ta yi sauri ta ce, "Abba, wallahi ban taɓa faɗa masa baƙar magana ba. Ko sau ɗaya."

"Na yarda," in ji Abba.

Ya wanke hannu, ya tashi ya shiga ɗakin mahaifinsa, ya ja labule. Da duka ya yi mata, da ta fi jin sauƙi.

Duk da haka, a ranta tana ganin an yi mata rashin adalci. Ai ta gaishe shi. Ai ta kai abincin. Me kuma ake so? Ta kwana da wannan tunani, tana turo baki.

Washegari Umma ta dafa shinkafa da wake, da mai da yaji. Babu abincin da yarinyar ta fi so kamarsa. Tana zaune a tabarma sai ga Umma ta zo ta tsaya a kanta. Waya a dama, faranti a hagu. Ta miƙo farantin ba tare da ta dube ta ba.

"Sannu, 'yata. Ga abinci, ki ci ki ƙoshi."

Yarinyar ta karɓa. Umma ba ta tafi ba, ba ta kuma zauna ba. Ta dubi agogo. Ta sauke numfashi mai ƙarfi. Da yarinyar ta kai cokali baki, ƙwayar shinkafa ta faɗo, sai Umma ta yatsine fuska ta ja baya.

Yarinyar ta kasa ci gaba da ci. Ta ajiye cokalin. Idonta ya cika da ƙwalla.

Sai Umma ta ajiye wayar, ta zauna kusa da ita.

"Me ya hana ki ci?"

Yarinyar ta ture farantin gefe.

"Na zage ki ne?"

"A'a."

"Me na ce miki?"

"Kin ce sannu. Kin ce in ci in ƙoshi."

"To, me ya sa kike kuka?"

"Kamar ba kya so na," ta ce. "Kamar na dame ki. Kamar ƙyamata kike yi."

"Ke nan kin ji wata magana da ban faɗa ba," in ji Umma. "Ni minti kaɗan na yi miki, kuma kin san ni uwarki ce. Shi kullum haka kike yi masa. Mutum ne da ya ciyar da mutane duk rayuwarsa. Yau ya kasa goge bakinsa da kansa. Yana jin kunyar hakan tun kafin ki shigo. Sai kuma ya ga fuskarki."

"Umma, na ɗauka ba ya ganewa."

"Bakinsa ne ya daina aiki. Idonsa na nan, kunnensa na nan, zuciyarsa ma na nan. Yanzu ma ya fi mu kallon fuska, don ba shi da wani aiki sai kallo."

Yarinyar ta fashe da kuka sosai. Wannan karon kukan kunya ne da tsoro.

"Ni ce zan sa a sa masa roba a hanci?"

"Ciwo daga Allah yake, ba ke kika kawo shi ba," in ji Umma. "Amma kin ƙara masa nauyi. Ki je ki rage."

"Yaya zan yi? Ko kallona ba ya yi."

"Ki bar wayar a nan. Ki zauna ƙasa, yadda jika ke zama a gaban kakanta. Kada ki yi sauri. Kuma ki dube shi. Ina jin shi ma yana da abin da yake faɗa, mu ne ba mu tsaya mun gani ba."

Ran Litinin da ta dawo daga makaranta, ba ta ko taɓa wayar ba. Ta riƙe kwanon da hannu biyu, ta yi sallama, ta durƙusa ta ajiye. Ta zauna a tabarma kusa da gadon.

Kaka ya rufe ido.

"Kaka, ka yafe mini," ta ce. "Na yi laifi."

Bai buɗe ido ba. Ta ji zafi a ranta, don ta ɗauka da ta ba da haƙuri shi ke nan. Ta ci gaba da zama. Yawu ya zubo masa. Ta ɗauki tsumma mai tsabta ta goge masa a hankali. Ta zauna har abincin ya huce, sannan ta fita da shi.

Washegari ma haka. Bai ci ba. Amma da za ta fita, ta waiwaya ta ga idonsa a buɗe, yana bin ta da kallo.

Kwanaki suna tafiya, ranar asibiti na matsowa. Yarinyar ta kasa mai da hankali a aji.

Ran Laraba Umma ta tuƙa tuwon shinkafa mai laushi da miyar taushe. Yarinyar ta shiga, ta zauna. Kaka bai rufe ido ba. Ta gyara masa filo ya jingina. Ta sa masa cokali a hannun hagu, wannan karon da dama ta miƙa masa.

Kaka ya dubi cokalin. Ya dubi hannunsa na dama. Ya ɗago ya dube ta.

Yau ta gani.

"Hannun ne ke ciwo, Kaka?" Ta kama shi ta fara matsa masa. Ya girgiza kai.

"Sanyi kake ji?" Ta jawo mayafi ta rufe hannun. Ya sake girgiza kai, ya janye mayafin.

Ta rasa abin da yake nufi. Ta kusa cewa, "To, me kake so?" da ƙarfi. Sai ta tuna abin da Umma ta faɗa. Ta yi shiru, ta jira.

Kaka ya ajiye cokalin. Ya sa hannun hagu ya kama na dama. Ya ɗaga shi da ƙyar, ya kai shi bakin kwanon. Hannun ya zame ya faɗi a kan gado. Ya sake ɗagawa. Ya sake faɗuwa.

A nan ta gane. Ta tuna wata rana a Zuba, Hanif ya kai hannun hagu zai ɗauki lemo. Kaka ya riƙe hannun ya ce, "A gidanmu ba a ci da wannan." Tun yana yaro haka aka koya masa, kuma a haka ya tsufa. Ba ƙin abinci yake yi ba. Da hagu ne ba zai ci ba, kuma ba ya so a riƙa ɗura masa kamar jariri. Tun ranar farko yake faɗa da ido.

"Kaka, da dama kake so ka ci?"

Ya gyaɗa kai. Ya sake gyaɗawa.

Ta tashi da gudu ta kawo ruwa a roba. Ta kama hannunsa na dama ta wanke masa, yatsa bayan yatsa. Tunda ya kwanta ba wanda ya kawo masa ruwan wanke hannu kafin abinci. Kowa ya ɗauka hannun ya gama aiki. Kaka yana kallon ruwan.

Ta sa tafin hannunta a ƙarƙashin nasa. Ta tattara yatsunsa da nata, suka gutsuri tuwo tare, suka dangwala miya. Ta ce, "Bismillahi." Leɓensa ya motsa. Ta ɗaga hannun a hankali har bakinsa.

Kaka ya karɓi lomar. Ya tauna. Ya haɗiye.

Aikin ba sauƙi gare shi ba. Hannun yana da nauyi, kuma yana zamewa. A loma ta gaba miya ta zubo mata a riga, ta yi ja a gaban farar rigar makarantar. Ta ji hancinta ya fara tattarewa da kansa, don ya saba. Kaka ya daina taunawa. Ya zuba mata ido, yana jira ya ga abin da fuskarta za ta yi.

Ta saki fuskar. Ta yi murmushi.

"Ba komai, Kaka. Wanki ne kawai. Mu ci gaba."

Suka ci gaba. Sun daɗe, har aka kira la'asar. Da ta fito da kwanon, saura ɗan kaɗan a gindi. Umma ta dubi kwanon, ta dubi rigar. Ta rungume ta da miyar da komai.

Da Abba ya dawo, Umma ta nuna masa kwanon.

"Wa ya ci wannan?"

"Baba ne," in ji Umma. "Da hannunsa."

Yarinyar ta ba shi labari. Abba ya dubi ɗakin mahaifinsa. Can ya ce, "Ni ɗansa ne, ban lura ba. Kullum sauri nake kada in makara." Ya shiga ɗakin ya durƙusa. "Baba, ai mai lalura ba laifi ya ci da hagu."

Kaka ya girgiza kai da ƙarfi, ya haɗe gira. Abba ya yi dariya, karo na farko tunda aka kawo Kaka gidan. "To, na ji. Da dama."

Daga ranar haka ake yi safe da rana da dare. Abba ma ya koyi sa hannu a ƙarƙashin hannu. Da Madam Christiana ta zo ta gani, ta ji daɗi ƙwarai. Ta ce wa yarinyar, "Ka yi ƙoƙari, yarinya. Wannan ma motsa jiki ne. Kada a daina." Amma ta ce ba ita ce mai yanke hukunci ba. Sai abin da likita ya gani.

Ranar Litinin ta zo. Abba ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya tafi da Kaka asibiti. Yarinyar ta tafi makaranta da fargaba. Ba ta san ko za ta dawo ta tarar da gadon babu kowa ba. Ana tashi ta kamo hanya, ba ta tsaya jiran ƙawayenta ba.

Ta shiga gida ko jaka ba ta ajiye ba. Ta tsaya a bakin ɗakin, ta kasa ɗaga labulen. Sai ta ji tarin Kaka daga ciki.

Ta yi sallama ta shiga. Ga shi zaune a kujera cikin farar riga da hula. Babu komai a hancinsa. Abba na gefe.

"Likita ya ce ya fara murmurewa," in ji Abba. "Ya ce a ci gaba da abin da ake yi a gida."

Ta durƙusa a gaban Kaka. Kaka ya yafito ta da kai, ta matso. Ya sa hagu ya ɗaga hannunsa na dama, ya ɗora mata a ka. Wannan karon hannun bai zame ba. Ta ji yatsunsa sun motsa kaɗan a kan ɗankwalinta.

Ba ta buƙaci a fassara mata ba. Ta ce, "Amin, Kaka. Na gode."

Tun daga lokacin yarinyar ta gane cewa ba baki kaɗai ke magana ba. Fuska tana magana, ido yana magana, hannun da ka miƙa abu da shi ma yana magana. In za ka yi wa mutum alheri, ka sa jikinka ya faɗi abin da bakinka ya faɗa. In kuma kana tare da wanda ya kasa magana, ka zauna, ka dube shi, ka jira. Yana da abin da yake so ya gaya maka.